Ranar da Yaya Ta Ce Ba Ta da Ɗiya

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, cikin bazarar shekarar da soja suka fara karɓar mulki a Yamai, wadda masu karatu suka ce mini 1974 ce. Ina durƙushe a gindin dangarmu ina sauya wa anza ruwa, 'ya'yan itacen da muke ci da yunwa, kwananta uku a jiƙe amma ba ta bar ɗaci ba, sai na ji ƙugin mota daga yamma. Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne a ƙasar Kurfai, tafiyar yini biyu a ƙasa daga Filinge, kuma a lokacin akan yi wata mota ba ta bi ta wurinmu ba. Babbar kamyo ce mai rufin tamfol. Ta tsaya ƙarƙashin gawon da ke ƙofar gidan mai gari, soja biyu suka diro, sannan wani siririn akawu da babban littafi a hammata. Suka rataya kilo a reshen gawon, irin wanda ake auna buhu da shi, sai dai an ɗinka masa ɗan wando inda ake zura yaro. Mai shela ya zaga gari yana cewa kowane gida ya fito da yaransa, sabuwar gwamnati ta buɗe biro, wato ofishin kula da yara, a Filinge, duk yaron da iyayensa suka mutu, ko suka tafi neman abinci suka bar shi, za a tafi da shi a ciyar da shi har ruwa ya sauka. Shekarata tara. Na goge hannu a zane na bi mutane, ina murna zan ga mota kusa da kusa.

Kafin in faɗi abin da ya faru a gindin gawon nan, sai na faɗi yadda nake a gidanmu, domin yaran yanzu ba lalle su gane ba. Sunana Hamsatu, kuma ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata. A ƙasarmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta cewa nata ne, ko faɗuwa ya yi a gabanta ba ta rugawa, sai wata ta ɗaga shi. Kunya ce, kuma gwargwadon kunyar mace gwargwadon mutuncinta a gidan miji. Ranar da aka yaye ni aka miƙa ni ga kakata, uwar mahaifina, ita na tashi ina kira Inna. Wadda ta haife ni kuwa Yaya nake ce mata, kamar wata babbar 'yar gidan. In za ta aike ni sai ta ce “ke”, ko ta dubi wani ta ce, “Ku ce da waccan ta kawo tulu.” Inna takan ce, “Ɗan fari hatsin iri ne, mai shi ba ya sa masa hannu.” Ban taɓa jin zafin haka ba, domin duk sa'o'ina 'yan fari haka suke, kuma Inna ba ta bar mini gurbin da zan ji kewa ba.

Ɗakin Inna na kara ne, a kusurwar gida kusa da rumbu, a can na koyi duk abin da na iya. Da sanyin safiya mu tafi da tuluna rijiyar dallol, wato kwarin tsohon kogi, inda ruwa bai yi nisa ba, igiya gaba uku ta isa. Mu dawo in share tsakar gida, in zuba wa kaji dusa, in zauna ina tsaga mata kaba tana saƙa tabarma tana zagin yatsuna wai sun yi kama da na kwaɗo. In hatsi ya fid da kai sai a ɗora ni kan ɗan dandamali a tsakiyar gona, in yini ina girgiza gwangwani mai tsakuwa ina ihu ga tsuntsaye har murya ta dushe. Da kaka mu gasa tumu, bakinmu duk ya yi baƙi. Da la'asar mu 'yan mata mu zauna carafke da 'ya'yan aduwa, ko mu yi gaɗa a dandali har a kira mu. Yaya tana can gefe tana daka tare da matan gida, ba ta ko waiwayo ni. Amma wani lokaci da safe sai in tarar da dunƙulen fura a kan faifan Inna, babba, ya fi rabon tsohuwa ɗaya. Inna ba ta taɓa cewa wa ya ajiye ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Sai ruwa ya ɗauke mana shekara bayan shekara. Shanu suka fara faɗuwa a bakin rijiya, rumbuna suka koma wurin kwanan kaji, har hatsin irin da aka ɓoye a tukunya aka fito da shi aka daka. Mata suka koma tona gidan tururuwa suna sheƙe ƙasa don 'yan ƙwayoyin da ta tara, suna sussukar ƙarangiya, suna dafa ganyen jiga. Mahaifina ya bi samarin gari zuwa kurmi neman abin da zai aiko, ya bar mu a hannun yayansa, Baba Alu, wanda shi ma yake da baki bakwai a gidansa. Yaya a lokacin tana goyon ƙanena Sumaila, bai kai yaye ba. Cikin sanyin shekarar nan Inna ta rasu. Daga baya na gane cewa duk ranar da ta ce mini ta riga ta ci, rabonta ne take tura mini. Bayan rasuwarta ban koma ɗakin Yaya ba, domin ba a yin haka. Na koma kwana a ɗakin matar Baba Alu, ina ci daga tukunyarsu. Ba mugaye ba ne, Allah ya ji ƙansu, amma na lura duk lokacin da ludayi ya zo kan ƙwaryata sai ya yi sauƙi.

To, a haka nake ranar da kamyo ta zo. Aka jera mu. Duk yaron da aka ɗora a kilo, akawu ya tambaya, “Wa ke da wanga?” sai uwar ta ce nata ne, a ba ta 'yar madarar gari a takarda ta wuce. Da aka zo kaina, sojan ya karanta kilo, akawu ya girgiza kai, ya ce, “Wa ke da wagga?” Wata mata ta nuna Yaya da haɓa. Yaya tana tsaye da Sumaila a baya, ga mai gari, ga Baba Alu, ga dukan mazan gari zaune a kan tabarmi.

Akawu ya ce, “Baiwar Allah, ɗiyarki ta?”

Yaya ta ja gefen zane ta rufe baki, ta dubi ƙasa, ta ce, “Ba ni da ɗiya. Ta tsohuwa ta.”

“Ina tsohuwar?”

“Ta rasu.”

“Uban fa?”

Baba Alu ya ce, “Ya tahi kurmi.”

Akawun nan Bahaushe ne, ya san abin da ya ji. Na ga ya ɗaga kai yana duban jama'a, yana jiran wanda zai gyara maganar. Haka ake yi kullum. Ko lokacin da masu lamba suka zo yi mana a hannu, da Yaya ta faɗi irin wannan, wata gwaggo ce ta yi dariya ta ce, “Rabu da ita, ɗiyarta ta, kunya take.” Wannan aikin dangi ne, uwa ta ƙi, dangi su amsa. Amma ran nan ba gwaggon da ta yi dariya. Kowa ya dubi yatsun ƙafarsa. Baba Alu ya ciro goro busasshe daga aljihu yana juya shi a hannu. Akawu ya jira, ya jira, sannan ya sunkuya ya rubuta. Aka ɗaga ni aka sa a bayan kamyo tare da yara biyar waɗanda su marayu ne na gaskiya. Ban yi kuka ba. Ina ta kallon Yaya ko za ta ɗago, ita kuwa ta juya baya tana gyara goyo, har ƙura ta rufe ta. Har yau da nake wannan magana ban sani ba, kunya ce kawai ta riƙe mata harshe, ko kuwa ta duba ta ga can ne zan sami abin da zan ci. A lokacin dai abu ɗaya na sani, ta ce ba ta da ɗiya a gaban gari duka, kuma ba wanda ya ƙaryata ta.

A Filinge an kai mu harabar wata lakwal, wato makarantar boko, da aka rufe, bayan biron kumandan mai mulkin yankin. An kafa rumfuna, 'yan mata gefe guda, maza gefe guda. Shugabar wurin wata Bazabarma ce daga Yamai, mai tabarau, muna ce mata Madan. Wurin yana da dokoki da ban taɓa jin irinsu ba. An ɗaura wa kowa ɗan ƙarfe mai lamba a wuyan hannu, safe da yamma a buga ƙarfen ƙafar mota a ƙidaya mu. Ba yaron da ke fita ƙofa. Ba namijin da ke shiga rumfar 'yan mata, ko da soja ne. Ba a dukan yaro, wata mai dafuwa da ta mintsini wata yarinya har jini ya fito, ran nan aka sallame ta. Sau uku a yini ana dama mana kunun jar dawa da madara, Madan ta fara ɗanɗanawa, mu sha, sai mun ƙoshi sannan ma'aikata su zauna su ci. Ban taɓa ganin inda babba ke jiran yaro ya ƙoshi ba sai can. Cikin 'yan makonni kumatuna suka fito, gashina da ya yi ja ya fara baƙi, na koma carafke da tsakuwa. Jikina yana warkewa, zuciyata kuwa tana ƙara tauri. In yara sun tambaye ni labarin uwata sai in ce ta mutu, domin hakan ya fi sauƙin faɗi.

Duk yaron da aka zo ɗauka, ana haɗa shi da buhun jar dawa da gwangwanin madara, kuma kamyo ta kai shi har gida. Wannan ya sa marayu suka yi dangi da yawa. Akwai wata Gambi da ke kwana kusa da ni, wani mutum ya zo ya rantse shi kawunta ne, aka ba shi ita. Bayan 'yan makonni jandarma suka tsince ta a kasuwar Bonkuku tana ja wa wata mai tuwo ruwa, bayanta duk shatin bulala, buhun kuwa an sayar tun ran farko. Da aka dawo da ita na ga Madan ta cire tabarau tana share ido. Daga nan doka ta ƙara tsanani. Ba a ba kowa yaro sai uwa ko uba. Sai mai ɗauka ya faɗi da bakinsa cewa shi ya haifa, ya kira sunan yaron, a gaban shaida daga garinsu. Sannan a tambayi yaron shi ma. Madan takan ce, “Ko mai gari ya zo da rawaninsa, ba na ba shi ko ɗan yatsan yaro.”

Na yi kamar kwana arba'in a can, sai wata ranar kasuwa aka kira ni biro. Ina shiga na ga Baba Alu zaune a kan benci, Yaya kuma tana tsugune a bakin ƙofa, ƙafafunta fari fat da ƙura. Sumaila yana bayanta, kansa ya langaɓe gefe, wuyansa kamar karan hatsi. Akwai akawu da jandarma ɗaya a ɗakin.

Baba Alu ya ce, “Madan, mun zo ɗaukar ɗiyarmu. Ruwa ya kusa, muna son hannu wurin shibka.”

Madan ta ce, “Kai ne uban?”

“Ni da uban duk guda na. Ni na goyi ubanta.”

“Ban tambaye ka wanda ka goya ba, Baba.”

“Ikon Allah! Yau Bazabarma za ta gaya mini dangina.”

Ta ce, “Da ba buhu a bayan yarinyar nan, da ka sha wannan rana? Zauna, kai shaida ne, ba mai magana ba.”

Jandarman ya yi dariya, Baba Alu ya yi tsaki. Madan ta juya wurin Yaya ta tambaye ta ko ita ta haife ni, ta ce ta faɗi sunana. Yaya ta ja zane ta rufe fuska duka. Yayan mijinta ne zaune, mutumin da ba ta taɓa cin abinci ko ɗaga murya a gabansa ba, kuma ba dama a fitar da shi tunda shi ne shaida. Na ga zanen yana motsi wajen bakinta, amma ba abin da ya fito. Madan ta sassauta murya ta ce, “Na san wannan kunya, mu ma muna da ita. Zan rage miki. Ba sai kin ce komai ba. In yarinya ta ce ke kika haife ta, ki gyaɗa kai kawai, in rubuta.” Sai ta dafa kafaɗata ta ce, “Hamsatu, dubi matar nan da kyau. Ita ta haife ki?”

Wannan wurin ne nake kuka duk lokacin da na zo kansa, kuma yanzu ma ga shi ina yi. Na ji tambayar sarai, na san amsarta. Yaya ta zame zane daga ido ɗaya ta dube ni, karo na farko da na tuna ta dube ni ido cikin ido. Ba abin da ake nema a wurina sai kalma ɗaya. Amma na tuna gindin gawo, na tuna bayanta da ta juya mini. Na ce, “Ita ta ce ba ta da ɗiya.”

Madan ta sake tambaya, ta sake, ta durƙusa ta yi mini magana a hankali. Na kulle bakina. Idon Yaya ya koma cikin zane. Madan ta rufe littafi, ta ce a gaban akawu da jandarma ba ta da ikon ba da yaron da bai amsa ba, su sake dawowa. Sai ta ɗaga kan Sumaila ta duba idonsa, ta ce a bar mata uwa da jaririn ko da mako ɗaya. Baba Alu ya ce matar aure da mijinta ba ya nan ba ta kwana a gidan gwamnati, me zai ce wa ƙanensa in ya dawo. Aka ba su kunu suka sha a tsaye, Madan ta ƙulla wa Yaya 'yar madara a takarda, suka kama hanya da ƙafa, ba buhu, ba gwangwani, ba kamyo, rana tana tsakiyar kai. Na leƙa su ta tsakanin danga har suka shige cikin 'yan kasuwa. A hankalina na yarinya, na rama. Na ce a raina kasuwa mai zuwa za ta dawo, in ce ita ce, shi ke nan mun yi daidai.

Kasuwa ta ci Yaya ba ta zo ba, ta sake ci ba ta zo ba. Ruwan farko ya sauka, muka fita tsakar haraba muna tsalle cikinsa, ƙasa tana ƙamshi. Iyaye suka riƙa zuwa suna kwashe yaransu, rumfarmu tana raguwa. Na daina carafke, na koma zama kusa da ƙofa. Sai wata ranar kasuwa da hantsi na hango ta. Ita kaɗai ce, sai wata tsohuwa mai sayar da tabarmi 'yar garinmu da ta nemo a kasuwa don ta zama shaida. Ƙafafunta sun kumbura. Bayanta ba goyo. Ba ta jira an kira ta biro ba, ba ta tsuguna ba, ba ta rufe fuska ba. Ta tsaya a tsakiyar haraba, ga ma'aikata, ga soja a ƙofa, ga mutane masu jiran yaransu, ta ɗaga murya irin wadda ban san tana da ita ba, ta ce, “Madan, na zo ɗaukar Hamsatu. Ɗiyata ta. Ni na haihe ta, ranar Talata, ana cikin yankan hatsi. Tana da tabo a ƙafar hagu, wutar murhu ta, tana rarrafe. Ni na yi sakaci ran nan.” Ni kaina ban san asalin tabon nan ba sai a lokacin. Madan ta dube ni, ba ta ma ƙarasa tambayar ba na ce, “Ita ta.”

Aka ɗora mu a kamyo da buhu da gwangwani. Mun yi nisa, mun wuce gonakin da hatsi ya fara tsirowa, sannan na iya buɗe baki na ce, “Yaya, ina Sumaila?” Ba ta dube ni ba. Ta ce, “Ya koma.” Daga baya matar Baba Alu ta gaya mini cewa zafin hanyar dawowa ne ya kama shi, ga zawo, ga nonon uwar ya ƙafe, kwana tara bayan sun iso gida aka binne shi. Gwangwanin madarar yana kan cinyata duk tsawon tafiyar, yana ƙona ni kamar garwashi. Da na faɗi kalma ɗaya ran farko, da a cikin mota ya koma gida, da gwangwanin nan nasa ne. Yaran Baba Alu suka sha madarar, kuma ko ɗaya daga cikinsu bai mutu ba a shekarar nan.

Ran da muka iso Yaya ta ɗauko tabarmata daga ɗakin matar Baba Alu ta shimfiɗa a nata, ba ta nemi izinin kowa ba. Tsohuwar mai tabarmi kuwa ba ta bar labarin a Filinge ba. Shekara da shekaru, in Yaya ta zo rijiya sai wata ta ce, “Ku ba ta hanya, ga wadda ta yi shelar ɗiyarta a biron kumandan.” Wasu da wasa suke faɗi, wasu da gaske. Ba ta taɓa tanka musu ba. Kuma daga ran nan ta koma “ke” da “waccan” kamar da. Mahaifina ya dawo da kaka, aka gaya masa ɗansa ya koma, ba a gaya masa sauran ba. Baba Alu, duk da halinsa, bai taɓa faɗa wa kowa abin da na ce a biro ba. Ba wanda ya taɓa ɗora mini laifi, shi ya sa ban sami inda zan sauke shi ba. Mutum ɗaya na taɓa gaya wa, maigidana, bayan mun yi shekaru da aure. Yakan ce, “Yarinya ce ke a lokacin, kuma ajali ba ya jiran gwangwani.” Na san gaskiya ya faɗa. Amma sai ya maimaita mini nake samun sauƙi, bara kuwa Allah ya karɓe shi, yanzu ba mai maimaita mini.

Ban taɓa jin haushin Madan ba. Dokarta ce ta hana a sake yi wa wata abin da aka yi wa Gambi, kuma ta sassauta iyakar abin da za ta iya. A zamanin da ba a tambayar yaro ko yana jin yunwa, ita ta durƙusa ta tambaye ni wace ce uwata, ta ɗauki maganata da nauyi kamar ta babba. Ni ce aka ba magana ban san nauyinta ba.

Yaya ta rayu har bayan da soja suka sauka farar hula suka hau. Ciwon ajalinta a ɗakina ta yi shi, wata guda ina juya ta, ina wanke ta, ina dama mata kunu. Sau da yawa takan ce, “Ke, ba ni ruwa,” in tallafo kanta in kai mata ƙwarya baki, maganar ta zo mini, in ce yau zan faɗa. Sai in ga idonta, in ce gobe. Ashe kunyar ba a wurin uwa kaɗai take ba.

Yanzu Filinge ta girma, mota ba abin kallo ba ce. Masu kula da yara na gwamnati a kan babur suke zuwa, da takardun haihuwa, kuma na ji ba su tsayawa ga maganar mutum ɗaya, sai sun tambayi maƙwabta, sun ja yaro gefe inda ba idon kowa. Matar ɗana tana ƙwala wa ɗanta na fari kira da sunansa tun daga bakin murhu, ta ɗaga shi sama tana yi masa waƙa a gaban surukanta. Tsofaffi sa'o'ina suna taɓe baki suna cewa kunya ta ƙare a duniya. Ni ba na sa musu baki. Ina zaune a bakin ɗakina ina saurare, kowane kira sai ya sa ni waiwaya, ko da yake na san ba ni ake kira ba, kuma mai muryar da nake jira ta daɗe a ƙasa. Ita dai ta iya, ta kira sunana sau ɗaya. Ni ko sau ɗaya ban iya ce mata ta yafe mini ba.